Gwangwanin Barakatu Mai Kitso

Afra'u ta zauna a kan tabarma tsakanin gwiwoyin Barakatu mai kitso, ta jira har matar ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar ɗakin, sannan ta kwance ɗankwalinta. Ta zaro wata 'yar takarda a nannaɗe daga jakarta, ta miƙa ta baya ba tare da ta waiwaya ba.

Barakatu ta warware takardar. Gashi ne baƙi, dogo, kowane sili da ɗan farin tushensa.

"Na wannan karon ya fi na wancan yawa," in ji ta.

"Babu aiki a biro, Inna, ofis ya mutu. Jiragen ruwa sun daina shigowa. Zama kawai muke yi muna kallon juna."

"Ku kuna zaune, hannunki kuwa yana ta noma." Ta karkatar da kan Afra'u wajen hasken taga. "Kai, 'yar nan! Gonar taki ta ƙara faɗi."

A saman kunnen hagu akwai fili kamar tafin hannu, sumul kamar bayan ƙwarya. Babu ƙurji, babu makero. Yatsun Afra'u ne suka share shi, sili bayan sili.

Barakatu ta sunkuya ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ta zuba sabon gashin a kan na da. Ta ɗebo kaɗan ta jera a cinyarta, ta ɗaure tushen da baƙin zare, ta shafa man kaɗanya, ta fara saƙa shi cikin gashin da ya rage a gefen filin. Hajiya Maimunatu, mahaifiyar Afra'u, ba ta yarda da ƙarin gashi na kanti ba, ta ce haramun ne. Shi ya sa Barakatu ta ƙirƙiro wannan dabara, a mayar wa yarinya gashinta a kanta, a kwantar da kitson ya rufe wurin.

Su biyun sun san abin da suka karya. Duk macen da ta tashi cikin Hausawan Abijan ta san mai kitso ba ta riƙe gashin kowa. Abin da ya zube wajen tsifa da taza, ta tattara shi, ta mulmula, ta danƙa wa mai shi a tafin hannu kafin ta miƙe. Ita kuma ta kai gida ta binne, ko ta cusa a tsagar bango, don kada ya faɗa hannun mai mugun nufi. A kan wannan aka san Barakatu a duk Adjamé Saint-Michel, domin tana iya durƙusawa ta tsince sili ɗaya daga saƙar tabarma ta bi mace da shi har bakin ƙofa. Saboda haka ne Hajiya ta miƙa mata kan Afra'u tun tana 'yar firamare. Amma a gidansu na Belleville babu lungun da tsintsiyar Hajiya ba ta shiga, don haka gwangwanin ya zauna a nan.

Daga can wajen Abobo aka ji wata ƙara, kamar an wurgo kwanon rufi daga saman bene. Hannun Barakatu ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da nake yi wa kitso," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na tambaye ta, ban kama sunan kowa ba. Ta ce a babban asibitin can wajenku na Treichville akwai likita mace mai duba irin wannan."

"Likitar mahaukata ke nan."

"Ni ban ce ba."

"Daga nan sai gidan mahaukata na Bingerville, a sa mini rigar asibiti."

"Madam biro, ni rufewa kaɗai na iya. Abin da nake kamawa in rufe da shi kuwa yana ƙarewa. Wata rana za ki zo in rasa inda zan ɗaura zare."

Afra'u ta ɗago kai. Ta bi ɗakin da ido: gado, akwati, tukunya a kan murhun gawayi, madubi mai tsaga. Barakatu ta zo daga Yawuri tana amaryar wani mai fataucin goro. Mijin ya rasu, ba su haihu ba, takardunta na zama sun daɗe da mutuwa. Ɗakin nan ɗaya ne daga cikin ɗakunan haya na gidan Alhaji Idris, yayan Hajiya Maimunatu, kuma ban da shi ba ta da inda za ta sa kai a duk garin.

Watan Janairu ne na 2011. Tun bayan zaɓe birnin ya rabu, kowace unguwa ta tsayar da samarinta a bakin layi da tebura da tsofaffin tayoyi. A bakin layin su Alhaji Idris, ɗansa Kailu ne babba. Taubashin Afra'u ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Madam la secrétaire! On dit quoi? Ya ake ciki?" ya ɗaga murya da ya hango ta. "An je an gyara kai, ko miji ya kusa?"

"In ya zo ma ba kai za ka karɓi sadaki ba, soja marar bindiga."

Samarin suka kwashe da dariya. Kailu ya ja teburin gefe, amma da ta zo daidai shi sai ya rage murya.

"Ki riƙa kula da inda kike zubar da gashinki da farcenki. An ce yanzu akwai masu tarawa, suna kai wa masu haɗa wa mayaƙa asiri. Shekaranjiya an kama wata a Williamsville da ƙunshi a zaninta."

"Me aka yi mata?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya kalli tayoyin.

Abin ya soma mata ne tana ajin ƙarshe a koleji, lokacin jarrabawa. Tana karatu sai yatsunta su shiga kanta suna lalube, har su sami wani sili da ya fi sauran kauri. Daga nan wani abu ya taso mata daga ƙirji, ba ƙaiƙayi ba, ba zafi ba, wani matsi ne da ke cika ta har numfashi ya yi mata wuya. In ta fizge silin sai komai ya sake, ta ji sanyi kamar an ɗora mata ƙanƙara a goshi. Kafin sanyin ya gushe kunya ta iso, yatsun kuma sun riga sun koma neman na gaba. Ta yi rantsuwa, ta yi azumi, ta taɓa ɗaure hannunta da ɗankwali. In hankalinta a kwance yake, abin yakan yi watanni bai waiwaye ta ba. Tun da aka fara harbe-harben nan kuwa, sai ta ɗago daga teburinta a ofishin fiton kaya ta ga gashi a baje kan takardun kwastan, ba ta san sa'ad da ta cire shi ba.

Ranar da ta ga filin ya fara gangarowa ƙeya, ta tafi asibitin.

Likitar, Dakta Aya, mace ce gajera mai furfura a gaban goshi. Ta duba kan a hankali, ta koma kujerarta, suka yi magana da Faransanci. Ba ta tambaye ta dalili ba. Ta tambaye ta lokaci, da wuri, da hannun da ke tashi, da abin da take ji kafin ya tashi.

"Ba hauka ba ce, madmazel, kuma ba ke kaɗai ba ce," ta ce daga baya. "Cuta ce sananniya." Ta faɗi sunanta, wata doguwar kalma da Afra'u ta maimaita a zuci. "Danginta suna da yawa. Akwai wadda hannunta ke ɗaukar abu a kanti alhali ba ta buƙatarsa. Akwai wadda ba ta iya wuce wurin caca. Duk abu ɗaya ne, matsi ya taso, mutum ya aikata, ya sami sauƙi, sannan ya tsani kansa. Masu ciwon gashin nan da ke zuwa wurina yawancinsu mata ne, kuma sai sun shekara da shekaru suna ɓoyewa a ƙarƙashin ɗankwali."

"Akwai allura?"

Likitar ta yi murmushi. "Kowa allura yake so. Zan ba ki ƙwaya da za ta rage miki fargaba, amma ba ita ce za ta tsayar da hannun ba. Aikin naki ne, ni kuma in taya ki. Da farko ki koyi kama shi tun yana hanya, kafin ya kai kunne. In kin ji matsin, ki dunƙule hannun ki danna a cinya, ki yi numfashi, ki jira. Matsin yana hawa, yana kaiwa ƙarshe, yana sauka da kansa. Ba ki taɓa jira kin ga saukarsa ba, shi ya sa kike zaton ba ya sauka." Ta yanko filasta ta naɗa mata a babban yatsa da manuni. "Wannan zai hana ki jin silin. Za ki faɗi sau da yawa, kada ki ƙi dawowa don kin faɗi. Wa ya sani a gida?"

"Babu kowa."

"Ki nemi mutum ɗaya. Ɓoyon nan shi ne abincin cutar."

A kan hanyar gida Afra'u ta shirya maganar da za ta yi wa Hajiya. Ta shirya ta da Faransanci tsaf, amma da ta zo juya ta zuwa Hausa sai ta ga duk kalmar da ta kama tana kai ta ga hauka ko ga iskoki. Da Hajiya ta tambayi filastar, sai ta ce ƙofar mota ce ta datse ta.

Kwanakin da suka biyo baya gari ya ƙara ɓaci. Aka riƙa tare gadojin da ke haɗa Treichville da sauran gari, motocin woro-woro suka daina haurawa Adjamé. Wasu ranakun dabarar likita ta yi aiki, Afra'u ta zauna da hannu a dunƙule tana gumi har matsin ya sauka, ta yi mamakin ganin ya sauka. Wasu ranakun kuwa ta ɓare filastar da haƙori. Kitson Barakatu ya tsufa, ya saki, babu halin zuwa a sabunta.

Wata azahar tana alwala a tsakar gida, ta tura ɗankwali baya don ta shafi kai. Wani abu ya sulluɓe ya faɗa gaban butar. Hajiya Maimunatu, da ke tsintar shinkafa a gefe, ta riga ta kai hannu.

Ƙullin gashi ne, an ɗaure tushensa tamau da baƙin zare.

Hajiya ta dube shi, ta dubi kan 'yarta. Ta miƙe ta janye ɗankwalin gaba ɗaya. Farantin shinkafar ya kife.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Afra'u, wa ya ɗaura miki wannan?"

"Mama, ki tsaya in..."

"Wa ke taɓa kanki? Wa?"

"Inna Barakatu ce, amma ba..."

"Barakatu." Hajiya ta zauna daɓas a kan turmi. "Barakatu da na damƙa mata ke tun kina da majina. Shi ya sa! Shi ya sa duk wanda ya zo neman aurenki sai ya juya. Shi ya sa kike ta ramewa, ba kya cin abinci. Ni ina nan ina cewa biro ne."

Afra'u ta buɗe baki. Magana ɗaya ce ta rage, ta ce ni ce nake cirewa. Ta ga idanun uwarta cike da hawaye da tausayinta, ta tuna yadda za su koma in ta faɗa, sai ta rufe bakin. Ta ce a ranta, bari ta huce, gobe da safe zan gaya mata.

Da safe Hajiya ba ta gidan. Maƙwabciya ta ce tun da aka ɗage dokar hana fita ta yafa mayafi ta tafi, ta ce ko da ƙafa ne sai ta kai Adjamé.

Hantsi ya ɗaga lokacin da wayar Afra'u ta yi ƙara. Kailu ne, kuma babu tsokana a muryarsa.

"An bincike ɗakinta. Mun sami gwangwani cike da gashinki, da zare, da komai. Yako, sannu, 'yar'uwa. Ki zauna a gida, mu za mu yi maganinta."

Ba ta san yadda ta fita ba. Wani direba ya yarda ya haura da ita gada, sojoji suka juya katin shaidarta gaba da baya, suka karanta sunan da ƙarfi, suka dube ta, suka wurga mata shi. Daga Plateau ta taka da ƙafa. Shaguna a rufe, titi babu kowa sai karnuka da toka baƙa inda aka ƙona tayoyi. Duk tsawon hanyar hannunta na hagu yana dunƙule a cikin jaka.

A bakin layin babu kowa wajen teburin. Samarin duk sun koma ƙofar gidan Alhaji Idris, sun yi cincirindo, wasu da sanduna. Wani dogo yana riƙe da jarka, warin fetur yana tashi. Suka buɗe mata hanya suna cewa, "Yako, tanti, yako."

A tsakar gida matan haya sun jeru jikin bango. Alhaji Idris, dattijo mai shigo da atamfa daga Kano, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana zaune a kujerarsa da carbi. Hajiya tana gefensa. An ajiye gwangwanin a tsakiyar fili a buɗe, kowa ya ja baya da shi. Barakatu tana zaune a 'yar kujerar da take kitso a kai, hannayenta a cinya, leɓenta na ƙasa a kumbure.

"Barakatu, na sake tambayarki," Alhaji yake cewa. "Shekara nawa kina gidan nan ban taɓa jin kanki da kowa ba. Me gashin 'yar ƙanwata yake yi a ƙarƙashin gadonki?"

"Amana ce aka ba ni, Alhaji."

"Wa ya ba ki?"

Barakatu ta sunkuyar da kai. Ta ga shigowar Afra'u, amma ba ta ko ɗaga ido wajenta ba.

"Ni na ba ta, Kawu."

Kowa ya juyo. Afra'u ta tsaya kusa da gwangwanin, ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta, ta bar shi ya faɗi. Wata mata ta yi salati, wata ta rufe wa 'yarta ido.

"Ni nake cire shi. Da hannuna, tun ina koleji. Ba wanda ya yi mini komai. Cuta ce, une maladie, likita ta duba ni a Treichville, tana da suna." Ta faɗi doguwar kalmar, ta ji yadda ta faɗo tsakar gidan kamar baƙon dutse. "Ni nake tara shi in kawo wa Inna, ita kuma ta mayar mini da shi ta rufe wurin, don kada Mama ta gani. Ta sha ce mini in je asibiti. Wallahi, Kawu, ban da rufa mini asiri babu abin da matar nan ta yi."

Tana magana idanu suna kanta, ƙirjinta yana cika. A waje wani yana buga ƙofar ƙarfe da sanda. Ta ci gaba da bayanin matsin da yadda yake sauka da kansa, tana laluben kalmomi, tana faɗawa Faransanci tana fitowa. Sai ta lura babu mai kallon bakinta. Duk sama da kunnenta suke kallo.

Ta sauke hannunta. Tsakanin yatsunta akwai sili ɗaya, da ɗan farin tushensa.



"Kun gani?" Hajiya ta miƙe. "Yaya, ka gani da idonka? Kun ga yadda aka juya wa 'yata hannu?"

"Haka aikin yake," in ji wata tsohuwa daga jikin bango. "Ai ba ita za ta zo ta cira ba. Hannun mai shi ake aikawa, ya cira, ya kawo har gida."

"Har bakinta an kama," wata ta ƙara. "Ji yadda take kare ta."

"Mama, ba haka ba ne! Tanti, iyayena, ku saurare ni!"

Hajiya ta rungume ta tana kuka, tana tofa mata addu'a a ka. "Yi shiru, 'yata. Ba ke ke magana ba. Za a karya shi da izinin Allah."

Alhaji Idris ya daɗe yana duban Afra'u ta saman kafaɗar uwarta. Sannan ya dubi Barakatu, ya dubi ƙofa. Ya yafito Afra'u, ta durƙusa gabansa, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na ji ki. Zuciyata ta fi karkata ga maganarki. Amma saurari ƙofar can." Bugun ya ƙaru, har ƙarfen yana lanƙwasa. "Yaran nan sun yi makonni ba su yi barci ba, suna jiran wanda za su kama. In fita in ce musu me? In faɗa musu sunan cuta da Faransanci?"

Ya miƙe, ya ɗaga murya a karon farko. "Ba za a zubar da jini a gidana ba. Barakatu, ɗauki abin da za ki iya ɗauka. Akwai motar kayana da za ta tashi arewa kafin la'asar, direban zai kai ki inda hanya ta yarda. Kailu! Ka ji abin da na ce?"

Daga bayan ƙofa Kailu ya amsa, "Na ji, Baba. Amma ban san ko sauran sun ji ba."

Barakatu ta shiga ɗaki. Ba ta daɗe ba ta fito da ƙunshi ɗaya a ka. Gado da akwati da tukunya ta bar su. Babu wadda ta yi mata sallama cikin matan da ta yi shekaru tana riƙe kawunansu.

Afra'u ta zame daga hannun uwarta. Ta karɓi ƙunshin ta rungume, ta kama hannun Barakatu, ta zare sakatar da kanta.

Hayaniyar ta taso musu, sannan ta karye. Samarin sun yi shirin ganin mayya, sai ga 'yar gidan a gaba, kai a buɗe da tsakar rana, rabinsa fari fat, sauran kitson yana reto da guntayen zare. Waɗanda suka girma suna gaishe ta suka sunkuyar da kai. Mai jarkar ya ja baya, kamar abin zai iya tsallakowa kansa.

Kailu ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙa mata, idonsa a ƙasa. "Don Allah rufe kanki, Afra'u. Maza ne a nan."

"Buɗe hanya tukuna."

"Ba ki cikin hayyacinki."

"To ka taɓa ta ka gani, in abin bai dawo kanka ba."

Ba ta san daga ina maganar ta fito ba, kuma ta ji ɗacinta tun kafin ta rufe baki, domin ta tabbatar musu da abin da ta zo ƙaryatawa. Amma hanya ta buɗe. Suka ratsa tsakiyarsu a hankali. Sai da suka wuce teburin bakin layi wani ya jefo dutse, ya faɗi nesa da su.

A tashar Adjamé manyan motocin fasinja duk suna tsaye babu direbobi. Motar Alhaji tana can ƙarshe, an ɗaure tamfol, mutane sun riga sun hau kan kayan, yawancinsu mata da yara masu gudun garin. Barakatu ta kwance mayafinta ta ɗaura wa Afra'u a ka, ta gyara gefen hagu da yatsa kamar yadda ta saba.

"Inna, ki yafe mini. Da na faɗa tun jiya..."

"Da kin faɗa tun bara ma, abin da za su ji ke nan." Ta taɓa leɓenta, ta duba yatsan. "Likitar nan, kin ce matsin yana sauka da kansa?"

"Yana sauka. Ba kullum nake iya jira ba."

"To ki koma wurinta. Uwarki za ta kawo miki rubutu, ki sha, ba zai cuce ki ba. Amma ki koma."

"Ina za ki?"

"Inda mota ta tsaya."

Yaron mota ya miƙo hannu ya ja ta sama. Ta sami wuri a kan wani dila, kusa da wata mata mai goyo da 'yarta budurwa, wadda kanta ya yi buzu-buzu kamar an yi wata ba a taje shi ba. Injin ya tashi. Afra'u tana tsaye a ƙasa, ta ji matar tana yi wa Barakatu sannu da Hausa, tana murnar samun 'yar'uwa a tafiya.

"Dubi kan yarinyar nan, Iya, tun da aka fara rikicin nan ban sami mai kama mata shi ba. Hanya da nisa. Ko kin iya kitso, ko kalaba ce ki ɗan yi mata?"

Barakatu ta dubi kan yarinyar, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin zaninta.

"Ban iya ba," ta ce.

Motar ta ja, ta bi ta tsakanin tayoyin da aka ƙona, ta nufi hanyar arewa.